Kunamar Bindiga da Ƙafar Baffanki Ilya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin lafiya da kwanciyar hankali. Allah Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, Ya kai ki hannun Gwaggonki Rabi lafiya, Ya sa aikin da za ki fara a Amurka ya zame miki alheri duniya da lahira.

Na san za ki yi dariya. Gida ɗaya muke kwana, ƙofar ɗakinki na kallon tawa, amma ga Baba da wasiƙa, kuma da Hausa. Ki yi haƙuri ki bi ta a hankali, inda kika kakare ki tambayi Mamanki. Da Larabci na iya aiki, na iya cefane, na iya gardama da direban tasi, amma abin da zan gaya miki yau ba zai fito mini da shi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, mun dawo daga Haramin Madina muna cin abinci, kika miƙo mini wayarki. Kika ce Kawu Sale, mijin Gwaggonki, ya yi alkawarin ba ki aron bindigarsa ki riƙa zuwa filin harbi da ita a can. Irin wadda take ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi ce, ja ɗaya harsashi ɗaya. Kika ce ya gaya miki kunamarta tana da tauri, wato abin da kuke kira zinad a nadinku, kulob ɗinku na harbi, kuma kina so ki sayi ta wani kamfani mai sauƙin kuɗi a sauya mata. Hotuna huɗu kika nuna mini, kika ce, "Ya Baba, kai ne injiniya, wacce ta fi?"

Ni kuwa na kife wayar a kan ledar abinci na ce shinkafa tana hucewa. Na ga yadda fuskarki ta yi. Kin ɗauka har yanzu ina jin haushin harbin da kike yi. Ba haka ba ne. Tambayar da kika yi mini ni na taɓa yi wa kaina ita, na ba kaina amsar banza, kuma wani ne ya biya.

Kin tashi kin ga Baffanki Ilya yana ɗingishi. An ce miki babur ne ya kayar da shi yana saurayi. Ba babur ba ne. Ni ne.

Mun haɗu da Ilya a Amurka lokacin da na je karatun injiniya, shi kuma ya zo daga Maraɗi yana karatun noman rani. A layin karɓar abinci na ji wani ya yi tsaki ya ce, "Wanga abu ko gishiri babu." Na juya da sauri kamar an kira sunana. Daga ranar ba mu rabu ba. Muka kama ɗaki a gidan wani tsohon manomi Bature a bayan gari, wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse. Tsohon yana da 'yar ƙaramar bindiga irin ta Kawu Sale, da wani tudun ƙasa a ƙarshen gonarsa inda yake kafa takarda yana harbi. Shi ya koya mana. Da ya ga mun natsu, ya riƙa ba mu ita ranar Asabar mu je mu kaɗai.

Ilya ya fi ni iya harbi, nesa ba kusa ba. Shi nasa harsasan suna taruwa wuri ɗaya kamar an ɗora kwabo, nawa suna watsewa kamar an watsa wa kaji gero. Maimakon in ce hannuna ne bai zauna ba, sai na ce kunamar ce ta yi tauri. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma daga shi sauran suka fito. Da kunamar nan mai tauri Ilya yake cin ni kowace Asabar, amma ban tsaya na yi wannan tunanin ba.

Saboda haka, Ummi, kafin ki sayi komai, ki yi wata biyu ko uku kina harbi da bindigar yadda take. Ba ki taɓa riƙe ta ba, hotonta kawai kika gani. Kin saba da bindigar iska ta nadinku wadda ko numfashi mai ƙarfi ya isa ya tashe ta, dole kowace kunama ta yi miki nauyi da farko. Ki bar yatsanki ya san ta. In bayan haka har yanzu tana ja miki bakin bindigar gefe, ki ba wani gwani a filin ya gwada, ki ji ko shi ma zai faɗi haka. In ku biyu kuka yarda, to lallai kunamar ce.

Wata Asabar aka yi baje kolin kayan harbi a garin, na je ni kaɗai. A wani tebur can ƙurya na ga kunama a cikin leda, babu sunan kamfani, babu takardar bayani, kuɗinta bai kai rabin na sauran ba. Mai sayarwar ya ce tana shiga kowace bindiga mai wannan ƙira, kuma laushinta ya fi na masu tsada. Ya ɗora ta a kan wani katako ya ce in taɓa. Na taɓa, ta sauka tun ban gama niyya ba. Raina ya yi fari, na biya. Ban tambaye shi wa ya ƙera ta ba, ban tambaye shi inda zan same shi in ta ba da matsala ba. Da yamma ya naɗe teburinsa ya tafi, ban sake ganinsa ba har yau.

Daga cikin hotunan da kika nuna mini, biyu irin wannan ledar ce, sai dai yanzu a waya ake baje ta. Na koma na duba su da kyau da kika aiko mini su daga baya. Babu adireshi, babu lambar da za a kira, sunan ma kamar an ƙirƙire shi jiya. Ki bar su. Ki nemi wadda kamfaninta yake da suna da wurin zama, wanda in an rubuta masa zai amsa, wanda ya daɗe yana yin abu ɗaya. Ki tabbata an rubuta ƙarara cewa don irin bindigar Kawu Sale aka yi ta, ba wadda aka ce tana shiga ko'ina ba. In za ki karanta abin da masu saye suka rubuta, ki tsallake waɗanda suka sa ta jiya suna murna, ki nemi wanda ya shekara yana aiki da ita. Kuma kada laushi ya ruɗe ki. Kunama mai kyau ita ce wadda take sauka a wuri ɗaya kullum, kin san lokacin da za ta sauka, ba wadda ta fi kowacce sauƙin ja ba. Duk wadda aka yi wa talla da cewa tana sa bindiga ta yi ruwan harsashi, ko kallonta kada ki yi. Wannan ba ta wasanku ba ce, kuma hanyar shiga hannun hukuma ce.

Kuskure na gaba ya fi na baya muni. Bindigar ba tawa ba ce, amma ban gaya wa tsohon zan sauya mata kunama ba. Akwai mai gyaran bindiga a garin, shagonsa kusa da gidan mai, amma na ce ni da nake karatun injiniya zan kai wa wani ya ɗaura mini ƙarfe uku? Na baje jarida a teburin kicin na kwance ta. Da sabuwar ta ƙi zama daidai, na ɗan taɓa ta har ta zauna. Na ji kaina ya yi girma.

Asabar ta farko lafiya lau, har na kusa kamo Ilya. Asabar ta biyu na ja sau ɗaya, ta tashi sau biyu. Muka kalli juna. Ni na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Nuhu, wanga ba lahiya ba ne. Mu kai ta a duba." Na ce yatsana ne ya yi rawa. Na san ba yatsana ba ne. Amma kai ta wurin mai gyara yana nufin tsohon zai ji na taɓa masa kaya, kuma Ilya zai san abin da na yi taƙama da shi bai yi ba. Kunya ta hana ni.

Ki riƙe wannan ko da kin manta sauran: duk ranar da bindiga ta yi abin da ba ki sa ta ba, ko sau ɗaya ne, ko babu wanda ya gani, ki cire harsashi, ki naɗe ta, ranar ta ƙare. Kuma kada ki ɗaura kunamar da kanki, kada ki bar Kawu Sale ya ɗaura, duk da na san hannunsa da son kwance-kwance. Ku kai wa mai gyara wanda hukuma ta san da shi, ya sa, ya gwada makullinta a gabanku babu harsashi a ciki, ya tabbatar ko ta bugu da wani abu ba za ta tashi ba. Ladan aikinsa ki lissafa shi cikin kuɗin kunamar tun farko. In kuɗinki bai kai duka biyun ba, to bai kai ba, ki jira. Tsohuwar kunamar kuma ki adana ta, ta mai ita ce. Sannan tun kafin ki taɓa bindigar, ki tambayi masu kula da filin abin da dokar garin ta ce game da mai irin takardunki. Kin girma a ƙasar da muke yawo da iƙama, katin izinin zama, a aljihu, kin san baƙo ba ya zato, tambaya yake yi.

Asabar ta uku da hantsi ne. Na yi harbi biyar, Ilya ya ce bari ya je ya sauya takarda. Na danna makulli na ɗora bindigar a kan buhun yashin da ke bisa tebur. Ban cire harsashin da ke cikinta ba, na ce ai a kulle take. Yana cikin tafiya na juya zan ɗauki ruwa, gwiwar hannuna ta taɓa ta, ta zame ta bugi katakon. Ƙarar ma ba ta da yawa. Na ga Ilya ya zauna a ƙasa a hankali kamar mai shirin cire takalmi. Sai da na ga safarsa ta rine sannan na gane.

A idon sawu ta same shi. Ni na goya shi har gida, tsohon ya tuƙa mu asibiti. Aiki biyu aka yi masa, ƙashin bai koma yadda yake ba. Mutumin da yake buga ƙwallo duk yamma, wanda ake faɗa a kan ƙungiyar da zai shiga, bai sake gudu ba. 'Yan sanda suka zo, na faɗi gaskiya don kunamar tana nan kowa zai gani, aka rubuta shi a tsautsayi. Tsohon bai zage ni ba. Ya dai ce da na tambaye shi, da ya gaya mini da gangan ya bar ta da tauri, saboda jikokinsa suna zuwa hutu. Bai sake ba kowa aron ta ba.

Da lokacin komawa gida ya yi, Ilya ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa babur ne. Na ce masa bai kamata ba. Ya ce in ta ji gaskiya ba za ta taɓa yarda in taka gidansu ba, shi kuma ba zai iya zaɓa tsakaninmu ba. Na bar maganar a haka, kuma hakan ya yi mini daɗi, shi ne abin kunyar. Mahaifiyarsa ta rasu tana sa mini albarka. Bayan shekaru, da ya samu aikin kula da gonakin dabino a Khaibar, shi ya ji ana neman injiniya a filin jirgin Madina, ya bi takarduna ofis ofis da wannan ƙafar har aka kira ni. Garin da aka haife ki, makarantar da kika yi, sallar da muke yi a masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, duk ta hannunsa Allah Ya kawo mana. Mamanki ta sani, na gaya mata kafin aurenmu. Ku 'ya'yana ne na kasa.

Ban sani ba ko kina tuna wannan. Kina 'yar shekara biyar, Ilya ya zo mana da kwalin dabino, kika bi bayansa a tsakar falo kina kwaikwayon tafiyarsa, kina jan ƙafa ɗaya. Na kai miki mari. Shi ke nan marin da na taɓa yi miki. Kika tsaya kina kallona, ko kuka kin kasa. Ilya ya ɗauke ki ya ɗora a wuya ya fita da ke shagon ƙasa ya sayo miki askirim, ya dawo bai kalle ni ba sai da zai tafi. Ba ki yi laifin da ya kai wannan ba, Ummi. Abin da nake ɓoyewa na gani yana tafiya a falona. Ki yafe mini. In Allah Ya ba ki naki 'ya'yan, ranar da kika ji fushinki ya fi ƙarfin laifin yaro, ki dakata ki tambayi kanki da wa kike faɗa.

Kada kuma ki ɗauka ina cewa mai araha duk banza ce. Nan ma na yi kuskure, ta ɗaya gefen. Shekaru na yi a wurin aiki ba na sa hannu a kan kowane kayan gyara sai mafi tsada, har ana yi mini laƙabi. Wani lokacin aikin Hajji, bel ɗin da ke jan akwatunan alhazai ya riƙa tsayawa, ƙarfen da na nace a sayo mai tsadar yana cinyewa cikin zafi. Wani abokin aikina Bahaushen Sudan, Usman, ya kawo na wani ƙaramin kamfani da ya daɗe yana gwadawa a wani layin, ya nuna mini littafin da yake rubuta kwanakin da kowanne ya yi. Nasa ya fi nawa daɗewa. Ya ce mini tsoro ma ai rashin bincike ne, kuɗi kawai ya fi ci. Ya yi gaskiya. Cikin hotunanki, ta ukun nan mai matsakaicin kuɗi, kamfaninta sananne ne, kuma sun rubuta nauyin janta a fili, ba su yi alkawarin abin mamaki ba. In bayan wata ukun kina nan a kan bakanki, ita za ki fara nuna wa mai gyara, ki kuma tambayi masu shirya gasa ko nauyinta ya yi daidai da ƙa'idarsu. In ya ce a'a, ki bi tasa, ya fi ni sani. Wannan ita ce amsar da ya kamata in ba ki ranar Juma'a.

Saura ɗaya, kuma ita ta fi yi mini ciwo don ba ta daɗe ba. Lokacin da kika shigo da takardar nadin harbi na mata kina jami'a, kika ce in sa hannu, na yi faɗan da maƙwabta suka ji. Na ce ba tarbiyyarmu ba ce, na ce me mutanenmu za su ce, na kawo dalilai goma, babu na gaskiya ko ɗaya. Mamanki ce ta tsaya miki, ita ta riƙa kai ki tana jira a mota da Alƙur'aninta. Ranar da kika zo ta biyu a gasa, na ce ina da dawam. Ba ni da aiki ranar. A wurin ajiye motoci na filin jirgi na zauna har la'asar. Kika dawo da lambar yabonki kika ajiye a kan talabijin, na ce mabruk ina kallon labarai. Da ba kwa nan na sha ɗaukarta in juya ta a hannuna.

Shekaranjiya na ɗauki mota na tafi Khaibar, don ba ni da ikon buɗe wannan magana sai da izininsa. Na same shi a cikin gona yana duba bututun ruwa, ana ta sauke dabino. Muka zauna a inuwa ya zuba mini shayi. Na gaya masa tambayar da kika yi, da abin da nake so in rubuta. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce:

"Nuhu, ni tun a gadon asibiti na aje wanga kaya. Kai ka ɗauke shi kana yawo da shi har hurhura ta kama ka. Gaya mata. Amma ka gaya mata har da cewa ni ma na ji ta tashi sau biyu, kuma na koma gabanta da ƙahwata. Mu biyu munka yi wauta."

Na ce ba daidai ba ne ya raba laifin da ni. Ya ce daidai ne, kuma in daina yi masa rowar nasa kason. Sannan ya tambaye ni ko da gaske kin iya harbi, ko dai irin nawa ne. Na ce ban sani ba, ban taɓa gani ba. Ya ajiye kofinsa ya dube ni, irin duban da ya yi mini ranar da na mare ki.

Mamanki ta ce ranar Alhamis da safe za ki je nadin ki yi sallama da su, ki yi harbinki na ƙarshe kafin tafiya. Ta tambayar mini, sun ce ranar ana barin iyaye su zauna a bayan gilashi. In kin yarda, ina so in zo. Ilya ma ya ce zai taso daga Khaibar bayan asuba, a ajiye masa kujera ta bakin hanya inda zai miƙe ƙafa. Ba zan ce komai ba, ba zan ba da shawara ba. In kin ga na runtse ido a harbin farko, kada ki damu, zan buɗe a na biyu. In kuma kin fi so ki yi sallamarki ke da ƙawayenki, ki gaya wa Mamanki kawai, ba zan ji haushi ba, ni na jawo.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah Ya kiyaye hannunki daga cutar da kowa, Ya kiyaye ki daga hannun kowa. Allah Ya haɗa ki da abokai masu gaya miki gaskiya, Ya ba ki kunnen jin ta tun a karo na farko. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke Madina lafiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Nuhu